Land Cruiser 78 a aikin ɗaukar marasa lafiya a jihar Tawa: gabanta lafiya lau, a duba bayanta

Duk mai bin hanyoyin Adar da Azawak ya san farar doguwar motar nan, Toyota Land Cruiser 78, wadda direbobi ke ce wa Hardtop. Ita ce ke ɗauko mai naƙuda daga Keita ko Buza ko Cintabaradan zuwa babban asibitin Tawa. Magajin gari ko ƙungiyar 'yan ci-rani da ke shirin saya wa garinsu ambulans, yawanci ita suke fara tambaya, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai akwai abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi.

Injinta 1HZ ne, mai shan gazuwal, silinda 6, lita 4.2, ba turbo, ƙarfinsa wajen doki 130. Ba ta da gudu, hawan tudun dutse ma sai an sauko giya, amma bakanike a Madawa ko Ƙonni zai iya buɗe ta ba tare da na'urar kwamfuta ba, kayan gyaranta kuma suna kasuwa. Mai tanki biyu tana ɗaukar lita 180, tana shan kamar lita 12 zuwa 14 a kilomita 100, wato za ta je Yamai ta dawo da kusan ciko ɗaya. Abin da ke kashe wannan inji abu uku ne: gazuwal mai ruwa, ƙura, da sakaci da bel ɗin tamin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistan. Fitilar tace ruwa ta kama, a tsaya a zubar da ruwan nan take, don famfon mai ba ya jure ruwa. Matatar iska a kakkaɓe ta duk mako a lokacin hunturu. Bel kuwa a sauya shi a kilomitar da littafin motar ya faɗa, domin in ya tsinke ana cikin tafiya, bawul da fistan ne za su haɗu.

Matsalar tana baya. Ƙafafun gaba suna kan sifirin mai murɗi, na baya kuma kan faranti-faranti na ƙarfe irin na motar kaya, kuma daidai kansu gadon mara lafiya yake. A hanyar jar ƙasa mai gargada, kowane rami yana shiga bayan wanda ke kwance kai tsaye. Ka ga ledar ƙarin ruwa tana lilo tana dukan gilashi, allurar hannu tana neman fita, ungozoma ta dafe gado da gwiwa. Maganinsa sanannu ne: katifa mai kauri, gado mai maɗauri uku, na ƙirji da ƙugu da ƙafa, makullin da ke riƙe gadon da daɓen mota gaba da baya, da shokozoba masu rai. Iskar taya ma tana da tasiri. Wanda ya cika ta tim kamar zai ɗauki buhun gero, mara lafiya ne zai sha wuyar. A rairayi a rage zuwa kusan bar 1.5 (bar ma'aunin matsin iska ne), a mayar da ita in an hau kwalta, don haka famfon iska ya zama cikin kayan mota.

Rufinta gajere ne, ma'aikacin lafiya ba zai iya miƙewa tsaye ba. Danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya a durƙushe ake yi, kuma ba ya yin kyau mota na tafiya. Wannan aibi ne da ba ya gyaruwa sai a samfurin da aka ɗaga wa rufi.

Iskar oksijin ita ce inda aka fi yin asarar rai a banza, kuma lissafinta mai sauƙi ne. A ninka girman tulu da abin da agogonsa ya nuna. Tulu mai lita 10 a kan bar 200 yana ɗauke da lita 2,000, in allurar ta sauko 150 saura lita 1,500. Mara lafiya mai shan lita 6 a minti zai cinye lita 360 a awa. Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Doso ya haura kilomita 500, a ce awa 8, ke nan lita 2,880. Tulu ɗaya ba zai kai ba ko da cike yake. Motar da aka kawo da wurin tulu guda, ta zirga-zirgar kusa ce. A nemi mai wurin manya biyu da ƙarami na hannu don shiga da fita, kowanne ɗaure da ƙarfe a jikin mota. Kuma kada mai ko giris ya taɓa bakin tulun ko agogonsa, wuta yake tayarwa.

Wutar baya ta kasance kan batir na biyu mai abin raba shi da na inji. In ba haka ba, fitilun ciki da na'urar zuƙe majina za su shanye batir a bakin asibiti, a zo tashi a koma turi. Na'urar sanyaya ɗaki ta kai har baya, don a watan Afrilu zafin Tawa yana haura digiri 40. Allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba a barin ta a aljihun mota, sai a akwatin ƙanƙara. Jakar hura numfashi ta babba da ta jariri, abin ɗaure wuya, abin auna hawan jini, safar hannu da bokitin ruwan jabel, a ƙirga su kowace safiya.

Fenti ma aiki yake yi. AMBULANCE da ake rubutawa a juye a goshin mota, don na gaba ya karanta daidai a madubinsa ne. Shuɗin tauraro mai reshe shida da maciji a kan sanda daga Amurka ya fito a shekarun 1970, shi ne alamar aikin gaggawa. Jan kuros kuwa yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta keɓe shi, na ƙungiyar agaji ne da sashen lafiya na soja, bai halatta kowane asibiti ya manna shi ba. Ƙasashen Turai da dama sun zaɓi rawaya, amma a rana irin tamu fari ya fi, don ba ya tara zafi. Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne layukan da ke ƙyalli da dare, a gefe da ƙofar baya. Cikin hazo, direban babbar mota su zai fara gani kafin ya ji jiniya.

Ga garin da kwalta ba ta kai ba, inda damina ke cika kwaruruka, ba mu ga wadda ta kai 78 ba. Mai aiki cikin Yamai ko kan kwalta zalla, HiAce mai dogon rufi ta fi masa: ta fi laushi, ta fi filin yin aiki a kan mara lafiya. Kafin sa hannu a takardar saye, a sa mutum ya kwanta kan gadon, a ɗaure shi, a yi kilomita 10 da shi a hanyar jar ƙasa.