Man SAE 20 a injin fankar murhun kwal: abin da na gani bayan wata huɗu

Murhun da muke ɗumama gida da shi mai cin kwal ne, kuma fanka biyu gare shi. Ƙaramar tana ƙasa, ita ke hura iska ta ƙarƙashin wuta don kwal ya ci. Babbar tana baya, aikinta kwashe zafin jikin ƙarfen ta watso shi cikin ɗaki. Babbar ce ta fara yi mana kuka. Da farko wani ɗan tsiririn sauti ne, kamar na gyare, sai an kasa kunne ake ji, kuma da injin ya ɗauki zafi sai ya ɗauke. Kafin mako biyu ya zama ƙara sosai, in an kunna sai fankar ta yi gunji ta tsaya jim kafin ta ɗauki gudu. Na ɗora hannu a jikin injin na ji zafinsa ya wuce yadda na saba ji.

Abin da ke kusa da hannu na fara ɗauka, wato man fesawa irin wanda ake sassauta noti mai tsatsa da shi. Na fesa, ƙarar ta mutu nan take, na yi murna. Kwana huɗu ta dawo, har ta fi ta da. Da na ba yayana labari, shi da ya daɗe yana gyaran injinan lantarki, sai ya ce: "Ƙanina, ba mai ka sa masa ba, wanke shi ka yi." Irin wannan man ruwa-ruwa ne, yawancinsa abin narkar da dauɗa ne mai saurin bushewa, yana shiga ya kwashe ɗan man da ya rage a ciki, sannan shi ma ya bi iska. Na ce, "To Yaya, me zan sa?" Ya ce in nemi man injin lantarki mai lamba SAE 20 (lambar tana nuna kaurin man ne), wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba shi da sinadarin wanke inji.

Wanda na samu yana cikin 'yar kwalbar roba mai dogon baki, bakin kuma ana janyo shi ya ƙara tsawo, yana lanƙwasuwa. Kafin in sa sai da na nemi sanin dalilin da ya sa aka nace a kan wannan mai, domin a lokacin ina ganin mai ai mai ne. Ashe ba haka ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera injin.

Yawancin ƙananan injinan irin wannan fanka ba su da boris mai ƙwallaye. Sandar da ke juyawa tana zaune ne a cikin wasu zobba biyu na tagulla, ɗaya gaba ɗaya baya, waɗanda masu gyara ke kira bushin. Tagullar ba narkakkiya ba ce da aka zuba, gari ne aka matse aka gasa, saboda haka jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kamar soso. Kusan kashi 20 cikin ɗari na jikinta mai ne da ta sha. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fito da wannan dabara a 1930 da sunan Oilite. In sandar ta fara juyawa ta ɗauki ɗumi, man sai ya tsattsafo ya shiga tsakaninta da zoben. In ta tsaya ta huce, tagullar ta sake shanye shi. A kewayen zoben kuma akwai wani ƙyalle mai kauri da ke riƙe da mai yana shayar da shi a hankali, daidai yadda lagwani ke yi wa fitila. Ramin da ake ɗiga mai a jikin injin, kan wannan ƙyallen yake sauka.

Da na gane wannan sai komai ya fito mini fili. Giris ba zai yi ba, domin ya yi kauri, ba zai ratsa ƙofofin ba, toshe su ma zai yi. Man mota irin 10W-30 an haɗa shi da sinadaran da ke ɗaukar dauɗa su riƙe ta a cikin man har ya kai ta wurin matatar mai, wato filta. Injin fanka ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai, duk abin da man ya ɗauko a nan zai zauna yana goga sandar. Man keken ɗinki kuwa yana da tsabta amma ya yi laushi ga injin da ke kwana a bayan wuta. A farantin jikin injina an rubuta juyi 1,550 a minti. Na buga lissafi, juyi 93,000 ke nan a awa, sama da miliyan biyu a kwana ɗaya in bai tsaya ba. Duk wannan a kan ɗan man da bai cika cokalin shayi ba.

Na jira ranar da wuta ta mutu murhun ya huce. Wannan yana da muhimmanci, domin kashe fankar baya alhali wuta na ci sosai yana sa zafi ya taru a jikin murhun. Na zare filogi daga soket, na kwance sukurori huɗu na fito da fankar gaba ɗaya. Abin da na tarar ya ba ni mamaki: kowace fiffike ta fankar ta yi ɓawon toka, ramukan shan iskar injin kuma sun kusa toshewa. Tokar kwal tana da laushi kamar hoda, babu inda ba ta shiga. Na ɗauki kusan rabin awa da buroshi da tsumma kafin in taɓa kwalbar mai. A ganina rabin gyaran ke nan, domin fankar da toka ta yi wa nauyi a gefe guda tana girgiza, girgizar ce ke cinye bushin.

Ramukan man guda biyu ne, kowanne da 'yar murfin roba. Na goge bakinsu tukuna don kada toka ta bi man ta shiga, sannan na ɗiga uku a gaba, uku a baya. Ramin baya a kurkusa da bangon fankar yake, a nan ne dogon bakin kwalbar ya biya ni, domin da kwalba ce mai gajeren baki sai na zare fankar daga sandar kafin in kai gare shi. Na juya fankar da yatsa. Da farko tana cijewa, bayan 'yan mintoci ta saki, har in na kaɗa ta sai ta yi ta juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci. Na bar ta awa guda ƙyallen ya sha, na mayar, na kunna. Iska kawai nake ji.

Yau wata huɗu ke nan. Sau ɗaya na ƙara ɗigo biyu-biyu, a tsakiyar lokacin sanyi, ba don ta yi ƙara ba. Tana tashi da zarar an kunna, zafin jikin injin ya koma daidai, ina iya ɗora hannu in bar shi. Kwalbar kuwa kamar ba a taɓa ta ba, za ta yi shekaru.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Robar kwalbar tana da taushi, matsa kaɗan sai mai ya zubo fiye da yadda ake so, kuma man fari ne tas, a wuri mai duhu ƙirga ɗigo yana da wuya. Ɗaya ya kuɓuce mini ya gangara jikin injin, sai da na bi shi da tsumma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin man da ya yi yawa yana malalowa kan wayoyin koyil, toka ta manne masa ta zama taɓo, injin ya kasa shan iska. Yanzu ina gwadawa a kan takarda kafin in kai bakin ramin. Na biyu, in aka kwantar da kwalbar bakin yana yoyo, dole a ajiye ta a tsaye.

Akwai kuma inda man ba zai yi komai ba, kuma ina so mai karatu ya duba kafin ya sa rai. Ka kama sandar ka girgiza ta sama da ƙasa. In ta ɗan motsa ciki da waje, wannan ba laifi. Amma in tana ƙwanƙwasa gefe da gefe, bushin ya riga ya cinye, mai zai rufe ƙarar na 'yan kwanaki ne kawai, sai dai a canza bushin ko injin. Tawa ba ta motsa ba, shi ya sa ta tsira. Ƙaramar fankar ƙasa kuwa da na duba ban ga rami ko ɗaya a jikinta ba, boris ɗinta rufaffe ne da girisinsa tun daga masana'anta, takardar murhun ma ta ce kada a sa mata mai. Na share mata toka na ƙyale ta. Ita ce na fi sa wa ido, domin in ta tsaya cikin dare kwal zai koma cin wuta a shaƙe, kuma irin wannan cin yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ranar da na yi wannan aiki na canza batirin na'urar da ke ƙara in ta shaƙi iskar, na kuma rubuta kwanan watan da na sa mai a wata 'yar takarda, na manna a bayan murhun kusa da injin.