Na'urar da za a fara saye don ƙarin ruwa ga mai sefsis

Idan ƙwayoyin cuta suka bazu a jiki, wato sefsis, har jini ya faɗi, ledar ruwa ake fara ratayawa. Ƙa'idar Surviving Sepsis Campaign ta 2021 ta ba da shawarar mililita 30 ga kowane kilo na nauyin majinyaci cikin awa 3 na farko. Ledojin da ke biyo baya ne masu haɗari, domin ruwa na iya taruwa a huhu. Gwajin FEAST na 2011 a Kenya, Uganda da Tanzaniya ya nuna yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. To asibitin da ke Maradi, mai kuɗi ƙidayayyu, me zai saya?

Na'urar PiCCO na auna jinin da zuciya ke turawa daidai wa daida, amma kowane majinyaci sai an sa masa sabon bututu a jijiya, mai tsada, wanda sai an yi odarsa daga waje. Ranar da bututun ya ƙare, na'urar ta zama kayan ado. Ba zan fara da ita ba. Awon CVP kuwa, wato matsin jini a babbar jijiyar da ke shiga zuciya, arha ne, sai dai ba ya faɗin ko majinyaci zai amfana da ƙarin ruwa.

Na'urar hannu mai auna lactate, sinadarin da kan ƙaru a jini idan gaɓoɓi ba sa samun isasshen jini, na da amfani. A tambayi dillali zafin da tsinkayen gwajin ke jurewa, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, kuma a tuna zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma na ɗaga lactate.

Ni dai eko na hannu zan fara saye, wato na'urar hoton cikin jiki (ultrasound), mai kan da ke duba zuciya da huhu. A kwantar da majinyaci, a ɗaga ƙafafunsa digiri 45. Jinin da ke cikinsu ya gangaro zuciya, kamar an ba shi ruwa aro. In abin da zuciya ke turawa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, zai amfana da leda. In bai ƙaru ba, a dakata, a duba maganar noradrenaline, maganin ɗaga jinin da ya faɗi. Sai a ɗora kan na'urar a haƙarƙari a ga ko huhu ya fara jiƙa.

Awon yatsa ba ya cin ko dala: a danna tsokar yatsa daƙiƙa 10, a saki, in launi bai dawo cikin daƙiƙa 3 ba akwai matsala.

Kafin a biya kuɗin eko, a tabbatar batirinsa na riƙe caji in wuta ta ɗauke, a ji ko akwai kuɗin rajista duk shekara, kuma a sa horar da likitoci da masu jinyar dare cikin cinikin.