Rektifayar birki: mai rabin zango ko mai cikakken zango?

Rektifaya ita ce 'yar na'urar da ke mai da wutar AC ta layi zuwa wutar DC da birkin motar lantarki (injin da ke juya na'urori, ba motar hawa ba) ke aiki da ita, kuma kusan duk wanda tasa ta ƙone, tambayar da yake kawo min ke nan. Amsata ta farko: je ka karanta volt ɗin da aka rubuta a jikin koyil ɗin birkin, wato naɗin wayar da ke cikinsa.

Mai rabin zango tana ba da wutar DC kimanin kashi 45 cikin 100 na AC ɗin da ta shiga, mai cikakken zango kuwa kashi 90. Wato volt 400 a ta farko na fitar da 180, volt 230 a ta biyu na ba da kusan 205. Ka ɗora koyil mai volt 103 a kan mai cikakken zango da volt 230, ka ninka masa wuta, ba da jimawa ba za ka ji ƙauri.

Wajen kuɗi bambancin bai taka kara ya karya ba.

Amma wutar mai rabin zango a gutsure take zuwa, don haka birki kan yi gurnani, wani lokaci har ya riƙa karkarwa. A masana'anta wa zai ji? A lif kuwa, wato na'urar hawa bene, fasinja zai ji. Kuma kada a ɗora wa rektifaya laifin jinkirin kama birki. Birkin yana kamawa ne idan an yanke masa wuta, kuma galibi yanke ta ta ɓangaren DC ke sa ya kama nan take.

Mai rabin zango ta dace da mai motar masana'anta da ke kan 400, koyil 180. Mai cikakken zango ta fi dacewa da mai koyil 205 a kan 230, ko lif da ake son ya yi tsit.