Farmasin da ke karanta takardar cikin kwali

Wata bakwai kenan da likita ya ce ɗiyata tana da cutar seliyak, wato hanjinta bai jure gulutan, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir. Burodi da taliya da fanke mun yi bankwana da su tun ranar, wannan mai sauƙi ne. Abin da ban sani ba shi ne har cikin ƙwayar magani ana sa sitacin alkama don ya haɗe ta, kuma a wannan farmasin na unguwarmu Yantala nan Yamai na fara jin haka.

Na kai ordonansi, wato takardar likita, na maganin ƙarin jini, don cutar tana cinye bangon hanji har ƙarfe bai shiga jiki yadda ya kamata, yarinya duk ta yi fari fat. Da na ce wa madam ɗin da ke sayar da maganin ga halin da ake ciki sai ta ce "Hajiya dakata", ta buɗe kwalin ta zaro doguwar takardar nan da kowa ke yarwa, ta sa tabarau ta bi layin karshe da yatsa inda aka jera abubuwan haɗi. Ta nuna min: amidon shi ne sitaci, in kin ga amidon de maïs masara ce, ba komai, na dankali ma haka, amidon de blé shi ne alkama. In kuma amidon kawai aka rubuta ba a faɗi na mi ba, to a tambaya. Ta ce ko na alkamar ma gulutan ɗin da ke ciki ɗan mitsitsi ne kuma takardar takan faɗi ko mai seliyak zai iya sha, amma tunda akwai siro maras shi mi zai sa mu yi kasada, ta canza mana bayan ta kira likitan a waya. Minti ashirin wallahi, ga layi a bayana ana tsaki, ko a jikinta.

Ita ce ma ta tona min asirin kicin ɗina. Dunkulen miya wasu akwai garin alkama, a duba bayan fakiti. Dambun da nake saye ashe wata da kuskus na alkama take haɗawa, ba zallar masara ko hatsi ba. Cecena kuwa wake ne tsantsa amma in an soya shi a man da aka soya fanke an gama. Ranar na koma gida ina jin kamar ni ce nake ba ɗiyar ciwon da hannuna.

Amma gaskiya sai an faɗe ta, duk wannan ilimin kan mutum ɗaya yake. Daren da suke gadi, wato su ne a buɗe har safe, na je zazzaɓi ya kama ɗiyata, yaron da na tarar ya ce "Mama gulutan kuma sunan wane magani ne", sai ni na karɓi takardar na haska da fitilar waya ina dube-dube ƙarfe ɗayan dare. Kuma biskit ɗinsu mai alamar zangarniyar da aka soke, wanda ƙa'ida ta ce gulutan ɗinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ba, tsadarsa sai ka riƙe baki, ɗan fakiti ɗaya ya fi kuɗin cefanen yini. Sau ɗaya na saya, yanzu masar shinkafa nake mata a gida. Magani dai can zan ci gaba da saye, amma da safe, lokacin da madam take nan.