Harajin cunkoso a Suwidin: Stockholm ta karɓa, Gothenburg ta ƙi

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda ƙasa ɗaya ce, me ya sa mutanen Stockholm suka amince da harajin shiga tsakiyar gari da mota, na Gothenburg kuma suka ce ba su yarda ba?

Ta wajen kayan aiki dai duk kanwar ja ce. A biranen biyu babu shinge, babu mai tsayar da kai ya miƙo hannu. Kyamara ce a saman titi take ɗaukar lambar motarka, daga baya a aiko maka da takardar biya ta wata. Da dare da ranakun Asabar da Lahadi ba a biyan ko sisi.

Inda suka rabu shi ne yadda aka kawo wa mutane abin. Stockholm ɗanɗano ta fara ba su: gwaji daga 3 ga Janairu zuwa 31 ga Yuli 2006. Tun kafin ranar an ƙaro motocin bas, don wanda ya ajiye motarsa ya samu abin hawa. A lokacin gwajin, kuɗin kurona (kuɗin Suwidin) 10 ne, ko 15, ko 20, gwargwadon lokaci, kuma ba ya wuce 60 a yini. Birnin a kan tsibirai yake, mashigarsa galibi gadoji ne, saboda haka wuraren kyamara 18 suka isa a kewaye shi a lokacin. Motocin da ke ƙetarawa suka ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Mutumin da ya saba kafewa a kan gada kowace safiya yana kallon bayan motar gabansa, sai ga shi yana wucewa sumul.

Abin da ya fi burge ni shi ne da wa'adin ya cika, sai aka kashe na'urorin kamar yadda aka yi alkawari. Cunkoso ya dawo, kowa ya gani da idonsa. Sannan a watan Satumba aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, harajin ya zauna daram daga Agustan 2007. Gani ya kori ji.

Gothenburg kuwa, garin da kamfanin Volvo ya samo asali, ta fara nata ranar 1 ga Janairu 2013 ba tare da gwaji ba. Cunkosonta dama bai kai na Stockholm ba, mutanenta kuma sun fi dogara da mota. Motoci sun ragu a nan ma, wajen kashi 12, amma direba bai ji wani sauƙi na a zo a gani ba. Ga shi kowa ya san babban maƙasudin tara kuɗi ne don manyan ayyukan sufuri, musamman layin dogo na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Västlänken, wanda shi kansa ana ta jayayya a kansa.

A ganina nan aka yi kuskure, kuma abin yana damuna, domin tsarin kansa mai kyau ne: iska ta fi tsabta, bas ta fi sauri. Sai dai ɗan Stockholm ya biya ya ga amfanin a safiyar ranar, ɗan Gothenburg kuma an ce ya biya yau ya jira jirgin da zai zo bayan shekaru.

Sai da jama'a suka tara sa hannu kafin a yi musu ƙuri'a, a Satumban 2014. Kusan kashi 57 suka ce a soke. Da yake ƙuri'ar ta shawara ce kawai, majalisar birnin ta yanke shawarar ci gaba da harajin a 2015. Wanda ya kaɗa a'a, takardar biya ta ci gaba da iso masa kowane wata.