Dashen furanjifanin da na saya a wani lambun fulawa na bakin Kogin Kaduna

A watan Mayun bara, da damina ta fara kankama, na je wani lambun sayar da fulawa da ke bakin Kogin Kaduna, na sayi dashen furanjifani, wani tsiron ado mai fure mai ƙamshi, guda biyu a cikin baƙar leda. Asalin wannan tsiro daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka yake, kuma danginsu ɗaya da tumfafiya, shi ya sa idan reshensa ya karye yake fitar da farin ruwa kamar nono, wanda kan sa ƙaiƙayi a fata.

Abin da ya sa nake yaba wa mai lambun shi ne bai ɓoye mini halin tsiron ba. Tun kafin in biya kuɗi ya ce mini, "Hajiya, idan hunturu ya shigo zai zubar da ganyensa kaf, kada ki ɗauka ya mutu." Ya kuma gargaɗe ni da in rage ban ruwa a lokacin, domin saiwarsa na saurin ruɓewa a ƙasa mai riƙe ruwa, ya sa na cakuɗa jar ƙasar gidanmu da yashi da busasshen kashin shanu. Da Disamba ta zo, rassan suka tsaya tsirara kamar yatsu, har maigidana ya ce a tuge su a huta. A watan Maris, ana tsakiyar zafi, sai ga furanni a kan rassan tun kafin ganye ya dawo, farare masu ɗorawa a tsakiya, ƙamshinsu kuwa ya fi tashi bayan sallar isha'i.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. Dashe na biyu an sayar mini da shi a matsayin mai jan fure, amma shi ma fari ya fito, kuma ba abin mamaki ba ne tunda babu wata shaida a jikin ledojin. Haka nan ba a faɗa mini cewa ruwan Agusta kan jawo wata cuta mai kama da garin tsatsa a bayan ganye ba, sai da na tsinke ganyen da suka kamu na ƙone.

Da na koma da maganar launin, bai yi gardama ba. Ya yanko mini reshe daga uwar mai jan fure, ya ce in ajiye shi a inuwa mako guda bakin ya bushe kafin in dasa, kuma bai karɓi ko sisi ba.