Gidan fim na roba ko na ƙarfe: wanne ke sa hannun kyamara cijewa?

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar kyamararka tana jan fim na kamfani sumul, amma da ka loda naka daga babban naɗi mai ƙafa 100 a gidan roba (ɗan gwangwanin da ake naɗe fim a ciki kafin a sa shi a kyamara), sai hannun jan fim ya yi tauri wajen hoto na ashirin da wani abu, hudojin gefen fim su yage, hotuna su hau kan juna. Kana tambaya ko ka koma gidan ƙarfe. Tunda fim na kamfani yana wucewa lafiya, kada ka taɓa kyamarar tukuna. Abin da ke riƙe fim ɗin yana cikin gidan.

A fim mai faɗin milimita 35, kowane hoto yana cin hudoji 8. Haƙoran kyamara ne ke ƙirga su, kwarkwaron ɗaya gefen kuma yana naɗe abin da ya wuce. Idan gidan ya riƙe fim, haƙoran za su ci gaba da ja har su yaga huda ko su zame, hoto na gaba ya faɗa kan na baya. Tsohuwar kyamarar da giris ɗinta ya daskare ba ta da rarar ƙarfin wannan kokawa.

Gidan roba mai murfin murɗawa ya fi sauƙin lodawa, a nan kuma alherinsa ya tsaya a ganina. Robar tana da kauri, don haka sararin ciki ya ɗan matse. Fim na hoto 36 ya kai kusan mita 1.6, kuma mai lodawa yakan ƙara murɗi biyu ko uku don ya ci riba, sai naɗin ya cika ya riƙa gugar bango. Murfin ma idan bai zauna daidai ba yana danne kan kwarkwaro. Ga ƙyallen bakinsa, wanda ake mannawa da gam: yana tsufa sai gefensa ya ɗago ya naɗe ciki, ya zama birki, ya kuma tara ƙurar da ke zana dogon layi a fim. A wasu kyamarorin da ake lodawa ta ƙasa, gidan roba da ƙyar yake shiga, kuma matsin nan kaɗai ya isa ya hana kwarkwaro juyawa.

Gidan ƙarfe mai murfin dannawa siriri ne, girmansa ya fi kusa da na kamfani, fim yana samun wurin numfashi. Cutarsa lanƙwasa ce. Matsa shi da yatsu lokacin rufe murfi, leɓunan bakin su tsuke, shi ke nan ya fi na roba riƙewa. Idan ya faɗi ƙasa kuma murfin na iya fita, haske ya cinye fim gaba ɗaya. Amma lanƙwasar ƙarfe ido na ganinta, ana kuma iya buɗa bakin kaɗan da bayan wuƙa. Na roba idan ya karkace sai shara.

Akwai hanya ta uku da na fi so wa mai irin matsalarka: tsohon gidan kamfani wanda aka bar masa ɗan wutsiyar fim a waje. Masu wankin fim suna zubar da su. Ba a taɓa buɗe shi ba, kwarkwaronsa na zaune yadda inji ya ajiye shi. Sai dai ka kula da haɗin: baki da baki, a miƙe, salatef siriri gaba da baya, kada ya leƙo ta gefe. Haɗin da ya karkace yana sa fim naɗuwa a gicciye ya goge murfi. Kada kuma a maimaita gida ɗaya har ƙyallensa ya mutu.

Idan kyamararka Leica ce, Contax, Kiev ko Nikon F, suna da gidajensu na ƙarfe marasa ƙyalle, irin FILCA na tsofaffin Leica waɗanda ake murɗa musu gilashin gaba, da IXMOO na Leica jerin M. Mabuɗin rufe kyamara ne ke buɗe bakinsu, fim ya fita ba ya taɓa komai. Babu abin da ya kai su santsi. Sharaɗin shi ne mabuɗin ya juya har ƙarshe, in ba haka ba bakin zai tsaya rabi-buɗe ya kankare fim. Kuma ka kula: FILCA ya ɗan fi tsawo, ba ya shiga M.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada da fim ɗin da ya riga ya lalace. Loda shi a gidan roban nan, ka ja da yatsu biyu a haske. Ya kamata ya fito da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tsalle, ba ƙara. Sannan sa shi a kyamara, bayanta a buɗe, ɗora yatsa a hankali kan fim wajen haƙoran, ka ja hannu kana kallo. Duba ko maɓallin mayar da fim ya fito bayan naɗi na baya, domin idan ya maƙale haƙoran za su yi ta juyawa a banza. Hannun mayar da fim cikin gida kuma dole ya juya duk lokacin da ka ja hannun jan fim. Cire gidan ka juya hannun mayarwar shi kaɗai. Idan yana da tauri, to kyamarar ma da nata rabon laifin.

Duba kuma wane irin fim ka saya. Jikin fim roba ne iri biyu, asitet ko foliyesta: mai jikin asitet yana yagewa idan aka matsa, yagewar nan ita ke ceton giyar kyamara, wato ƙarafan cikinta da ke jan fim. Mai jikin foliyesta ba ya yagewa, giyar ce za ta karye. Da hannun ya cije ka tsaya, ka mayar da fim ɗin. Naɗi na gaba ka loda hoto 24 kawai a tsohon gidan kamfani. Idan ya wuce lafiya ka ɗaga zuwa 30, gidajen roban kuma ka ajiye su don gajerun naɗi.